Yaron Wajen Inna

Auyo,
28 ga Oktoba, 1974.

Zuwa ga Yaya Zaituna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban su Ramatu da yara. Yaya aikin asibiti, yaya mutanen Kano? Mu nan alhamdu lillahi, mun yi ƙaramar salla lafiya. Inna tana gaishe ki, ta ce ƙafar ta yi sauƙi, man da kika aiko shi take shafawa. Uwargida Barira ma tana gaisuwa. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, amma hanyar Haɗejiya har yanzu sai an haɗa da kwalekwale. Shinkafa ta yi kyau bana, in tsuntsaye suka bar mana ita.

Bayan haka, wata buƙata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san ni ke riƙe da wasanni a makarantarmu. To, ofishin ilimi sun aiko da sabuwar doka, wai duk malamin da ke kula da wasannin yara sai ya je Kano a hutun nan ya yi kwas na taimakon gaggawa, ya dawo da takardar shaida. Wanda bai je ba a karɓe usur daga hannunsa. Yaya, mu da muka tashi muna kokawa da langa a kan busasshiyar fadama, yau mu za a koya wa tayar da wanda ya faɗi? Yaro in ya suma a yayyafa masa ruwa, a shaƙa masa albasa, a yi masa fifita, ya tashi ya kama gabansa. Ga shi hutun ya faɗo daidai lokacin casar shinkafa.

Na ji an ce mutanen asibitinku ne ke koyarwar. Ki taimaki ƙanenki a rubuto takardar in huta da tafiya. Tukuicinki kwandon bandar tarwaɗa, irin wadda kike so.

Ba na son a karɓe usur ɗin bana, don bana muna da 'yan wasa. Akwai wani yaro ɗan aji bakwai da ke buga ƙwallo da ƙafar hagu, yara suna kiransa Bahago. Ban taɓa ganin irinsa ba. Siriri ne, ba takalmi, amma in ya ɗauki ƙwallo sai ki ga manyan yara suna karo da juna. Ba na yabonsa a gabansa. Da shi nake sa ran mu ɗauko kofin makarantun ƙasar Haɗejiya. Sai dai makon jiya ya faɗi a fili, ya ɗan jima bai motsa ba. Muka zuba masa ruwa ya farfaɗo, yana buɗe ido ya ce ko ƙwallo ta shiga. Ina jin rana ce, ko kuma bai karya kumallo ba. In akwai maganin ƙarin jini ki haɗo mini da shi.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Shu'ibu.


Kano,
11 ga Nuwamba, 1974.

Ƙanena Shu'ibu,

Takardarka ta iso, ta same mu lafiya. Na ji daɗin sauƙin ƙafar Innarka, Goggo Kulu, ka ce mata ta daina taɓa ruwan sanyi da asuba. Ka gaishe da Barira da yara. Maigidan yana gaishe ka.

To, sarkin ragwaye, riƙe tarwaɗarka. Tun muna yara in aka aike ka ɗebo ruwa sai ka nemo wanda zai je maka, ashe halin yana nan. Kakanka da kakata wa da ƙanwa ne, don haka ina da ikon in zage ka tas ka yi shiru. Takardar ƙarya ba za ta fito ta hannuna ba. Ranar da ɗan mutane ya kwanta a gabanka, hannunka za a nema.

Ruwa da albasa suna tayar da wanda dama zai tashi ne. Akwai wata faɗuwar da ba suma ba ce, zuciya ce ke tsayawa. A daminar nan aka kawo mana wani ɗan sakandare daga filin tsere, jikinsa sharkaf da ruwan da aka yi ta kwara masa. Malamansa sun rako shi suna ta fifita, babu wanda ya san numfashinsa ya ɗauke tun a fili. Ni na rufe shi da zane. Irin wannan ne ya sa aka kafa dokar da kake wa dariya.

Yaron da ka ambata ya tsaya mini a rai. Ka amsa mini waɗannan. Wani ne ya buge shi, ko shi kaɗai ya faɗi yana cikin gudu? Leɓensa ya yi duhu? Ya taɓa kukan jiri ko bugun ƙirji? A danginsu akwai wanda ya taɓa yanke jiki ya mutu da ƙuruciyarsa? Ba zan aiko da maganin jini ba sai na ji. Kuma ka je ka sami uban yaron ka gaya masa abin da ya faru, kada son kofi ya sa ka ɓoye masa.

Na sa a share maka ɗakin zaure. Ka zo kwas.

Yayarka, Zaituna.


Auyo,
6 ga Janairu, 1975.

Yaya Zaituna,

Bayan gaisuwa da barka da babbar salla, ina fatan kin dawo gida lafiya. Ban ji daɗi ba da na zo Kano na tarar an tura ki ƙauye aikin ƙyanda. Baban su Ramatu ya riƙe ni hannu bibbiyu, ki yi masa godiya. Mu nan lafiya, sai sanyi. An gama casa, rumbu ya cika.

To, na yi kwas ɗinku, kuma na janye dariyata. Mai koyarwar wani tsohon soja ne da ya yi aikin jinya lokacin yaƙi, Saje muke ce masa, ba ya murmushi. Ya kawo wani mutum-mutumin roba, kai da ƙirji kawai, ya shimfiɗa a tabarma ya ce kowa ya zo ya sa baki a bakinsa ya hura. Ki ga manyan malamai da gemu suna noƙewa, kowa na tura ɗan'uwansa. Wani daga Kaugama ya ce shi ko matarsa bai taɓa yi wa haka ba. Aka fashe da dariya, nan take aka sa wa robar suna Amarya. Saje ya bari muka gama, sannan ya ce, "Ku yi dariyarku yau. A filin ƙwallo babu likita, kai ne likitan. In numfashi ya tsaya, lokacin da kake da shi bai wuce na alwala ba. Kada ka nemi ruwa, kada ka nemi hularka, kada ka dubi wanda ke kallonka. Ka ruga."

Ya koya mana a kwantar da mutum rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci a hura har ƙirji ya taso, sannan a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi. Ya ce ko haƙarƙari ya karye kada a daina. Ya kuma koya mana ɗaurin karaya da tsayar da jini da ceton wanda ya sha ruwa. Ashe kifa mutum a kan turmi da muke yi a bakin kogi ɓata lokaci ne. Ranar gwaji Saje ya ce hannuna ya fi na kowa. Ga takarda nan na manna a bangon aji.

Game da tambayoyinki. Ba wanda ya taɓa shi, gudu yake yi ya kife. Leɓen ya yi duhu, na gani. Kwanan baya ma ya sake tsugunnawa a gefen fili yana riƙe da ƙirji, da ya ga ina kallonsa sai ya yi kamar ƙaya yake cirewa. Tun da na dawo daga Kano abin yake damuna.

Kin ce in sami uban yaron. Ba sai na je ko'ina ba. Yaron wajen Inna ne.

Shu'ibu.


Kano,
15 ga Janairu, 1975.

Shu'ibu,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, don raina a ɓace yake.

Yakubu ne ashe? Ɗanka na fari, wanda Goggo Kulu ta ɗauka tun yaye, shi ne ka rubuto mini "wani yaro"? Ka bar ni wata biyu ina ba ka shawara kamar a kan ɗan maƙwabta. Na san al'adarmu, ba yau na zo duniya ba. Ba ka faɗin sunansa, ba ka zama inda yake zaune, shi ma Malam yake ce maka kamar sauran 'yan aji. Ban ce ka daina ba. Amma ni takarda ka rubuto mini, ba a tsakar gida muke ba, wa zai ji ka?

Na tambaye ka ko a danginsu akwai wanda ya yanke jiki ya mutu. Yanzu ni zan amsa maka. Ka tuna Baffa Sa'idu, ƙanen mahaifinka, da aka tsinta a gona da fartanya a hannu, ko furfura bai fara ba. An ce iska ce ta buge shi. Na kai maganar wurin likitan da nake aiki da shi, ya ce irin wannan ciwon zuciyar yana bin jini, kuma gudu ne ke tayar da shi.

Abu biyu nake so. Ka cire Yakubu daga wasa yau, ba gobe ba. Sannan ka sako shi a jirgin ƙasa daga tashar Malam Madori ka kawo mini shi, akwai na'urar da ake auna bugun zuciya da ita a nan. Zai zauna a wurina har a gama.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne ka yi kwas ɗin, kuma kullum kana kusa da shi a fili. Duk da haka ka koya wa abokin aikinka abin da ka koyo, hannu biyu sun fi.

Ina jiran amsa da motar farko.

Zaituna.


Auyo,
3 ga Fabrairu, 1975.

Yaya Zaituna,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Kowa lafiya, sai autar Barira da ke haƙori. Takardarki ta zo, na karanta ta har na haddace.

Ke kina Kano, abin yana miki kama da mai sauƙi. Yaron ba a hannuna yake ba. Na daure na je wurin Inna bayan la'asar, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce Zaituna ta ce a kai mata yaron nan a duba ƙirjinsa. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, "Yau kuma? Tun yaushe ka yi idon ganin ƙirjinsa? Ni na yaye shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ban taɓa neman shawararka ba. Bokon naku har ya kai mutum ya zo gaban uwarsa yana zancen ɗan fari?" Matan gida suka rufe baki suna dariya. Na rasa inda zan sa kaina, na tashi na fita. Washegari ta karɓo masa rubutu da laya, ta ce iskar bakin kogi ce, don yana bin masunta da yamma.

Cire shi daga wasa kuwa, in na yi sai hedimasta ya tambayi dalili, kuma garin nan kaf sun ɗora rai a kansa. Me zan ce? In ce ina tsoron kada ɗana ya gaji? Sai na yi dabara, na mayar da shi gola, inda babu gudu. Na ce wa mutane hannunsa ya fi ƙafarsa, ƙarya ce kowa ya sani. Malam Fannami, mataimakina a wasanni, ya zo ya ce yaron ya same shi yana hawaye, wai a tambayar masa laifin da ya yi wa Malam. Na ce a gaya masa bai yi laifi ba. Yana tsaye tsakanin sanduna yanzu, yana kama ƙwallo kamar an sa shi dole, amma mun ci wasa biyu mun kai na ƙarshe.

Wasan ƙarshe tsakiyar Maris ne a Haɗejiya, da makarantar Malam Madori. Na yi magana da ƙanena Bala, ya yarda da an yi hutu zai ce wa Inna zai tafi da yaron Kano ganin gari. Daga bakinsa ba za ta ƙi ba. Ki ƙara mana haƙuri zuwa lokacin.

Ƙanenki, Shu'ibu.


Kano,
20 ga Maris, 1975.

Shu'ibu,

Lafiya kuwa? Na rubuto maka tun watan jiya na ce gola ma bai isa ba, ban ga amsa ba. Na nemi hutu in zo da kaina in yi magana da Goggo, aka ce sai bayan Mauludi.

Yau na je tasha aika saƙo, wani direban Haɗejiya yake ba da labari wai ranar Asabar wani ɗan makaranta ya faɗi a filin ƙwallo. Na tambaye shi sunan yaron, bai sani ba. Na ce ɗan wane gari, ya ce ko Auyo ko Malam Madori. Na ce gola ne? Ya ce a'a, wanda ya ci ƙwallo ne. Wannan ya sa na ɗan sami numfashi, Allah ya yafe mini, don ko wane ne ɗan wani ne.

Don Allah ka aiko ko da layi ɗaya ne ta hannun direban nan.

Zaituna.


Auyo,
9 ga Afrilu, 1975.

Yaya,

Ina fatan kin koma lafiya. Mun gode da zuwa, Allah ya ba da lada. Kin zo kin koma ba mu yi magana ba sai ta'aziyya a bakin zaure, ke kina cikin mata ni ina cikin maza. Abin da aka gaya miki a cikin gida shi ne ya faɗi, kwana ya ƙare. Ina so ki ji sauran daga wurina.

An tafi hutun rabin lokaci an ci mu ɗaya. Mutanen Auyo mota guda suka zo, suka fara ihu a fito da Bahago. Manya suna zaune a kujerun gaba, cikinsu har da surukina Malam Gana, mahaifin Barira. Hedimasta ya taso ya same ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Malam Shu'ibu, wai don ɗanka ne kake lallaɓa shi kamar ƙwai?" Aka yi dariya. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ce, "Ku yi yadda kuka ga dama." Kafin in rufe baki yaron ya cire rigar gola.

Ba a daɗe da komawa ba ya ɗauki ƙwallo daga tsakiya, ya wuce mutum uku, ya buga da hagun nan tasa ta shiga. Fili ya kaure. Ya juyo yana gudu, kuma wajena ya nufo, yana dubana. Bai iso ba ya kife.

Yaya, tun kafin fuskarsa ta taɓa ƙasa na san ko mene ne. Duk abin da Saje ya faɗa yana kunnena. Amma ga Malam Gana a bayana, ga dattawan garinmu, ga dariyar ɗazu ba ta gama hucewa ba. Ƙafata ta ƙi tashi. Na ji bakina yana cewa, a hankali kamar ba komai, "Malam Fannami, duba yaron nan mana." Fannami ya ruga da bokiti. Ban koya masa komai ba, kin ce in koya masa, na ji tsoron kada ya tambaye ni dalili. Ya yi abin da ya sani, ya kwara ruwa. Mutane suka kewaye, masu fifita da hula suna yi, wani yana a kawo albasa. Ni kuwa na taho ina takawa, hannuna a baya. Tafiya na yi, Yaya, ban ruga ba.

Sai da na leƙa ta kafaɗar wani na ga leɓensa, sannan abin ya sake ni. An ce na ture mutane na kira sunansa da ƙarfi har bakin fili aka ji. Na durƙusa, na ɗaga haɓa, na hura, ƙirjin ya taso. Na danna. Na yi komai daidai yadda aka koya mini, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na ji haƙarƙarinsa ya karye a ƙarƙashin hannuna ban daina ba. Wani dattijo ya kama rigata yana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka bar shi ya cika cikin salama." Na fizge. A bayan mota ma ina yi har asibiti. Likita ya sa abin saurarensa, ya ce mini in bari haka nan.

Tun ranar sunansa ban taɓa riƙe shi ba sai ranar.

Yanzu masu zuwa gaisuwa kashi biyu ne. Wasu suna yaba mini, wai sun ga dattako, ɗana ya faɗi ban ko girgiza ba. Wasu kuma suna raɗa cewa daga baya na zubar da girma, na sa baki a bakin ɗan fari a gaban surukina, har na karya masa ƙashi. Babu mutum ɗaya da ya ce na makara. Inna ba ta yi mini magana ba har yau. Barira ba ta da damar kuka a gaban mutane, ita ma ɗan farinta ne, sai ta zagaya bayan rumbu ta dawo da jan ido ta ce hayaƙi ne.

Liman ya yi mini nasiha, na karɓa, na san kwana ba ya ƙaruwa. Amma tambaya nake miki a matsayinki na ma'aikaciyar asibiti, ba 'yar'uwa ba. Da na ruga tun farko, zai tashi? Kada ki lallashe ni, masu lallashi sun yi yawa.

Shu'ibu.


Kano,
21 ga Afrilu, 1975.

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Barira da Goggo. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yakubu, ya sa mai ceto ne.

Ka ce kada in lallashe ka, ba zan yi ba. Ban sani ba ko zai tashi. Irin ciwonsa, ko a gadon asibiti ya faɗi, wani lokaci muna yin duk abin da muka iya ya tafi. Amma na ga waɗanda suka dawo, da idona, kuma duk waɗanda suka dawo an fara musu ne nan take. Tsayuwar da ka yi ta rage masa abin da yake da shi. Nawa ta rage, Allah kaɗai ya sani. Gaskiyar ke nan, ina rubuta ta ina kuka.

Ƙashin da ya karye kuwa, kada ka saurari kowa. Alamar ka danna yadda ya kamata ke nan.

Na yi fushi da kai ƙwarai, har na ce ba zan amsa ba. Ranar da takardarka ta zo na dawo daga aiki, babbar yarinyar nan tawa tana tsakar gida tana wanke-wanke. Na tsaya ina kallonta, na tambayi kaina in ita ce ta faɗi a gaban uwar mijina, da gudu zan je ko da tafiya? Ban sami amsar da nake so ba. Na kira ta na rungume ta. Ta tsorata, ta ce, "Lafiya? Ba ki da lafiya ne?" Ka ga ko a takardar nan ban iya rubuta sunanta ba. Fushin nawa daga nan ya sauka.

Ka riƙa zama kusa da Barira. In ta zagaya bayan rumbu ka bi ta.

Yayarka, Zaituna.


Auyo,
16 ga Yuni, 1975.

Yaya Zaituna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. An yi ruwan shuka, kogi ya fara tasowa, nan gaba kaɗan hanya za ta yanke, shi ya sa na ce bari in rubuto. Inna ta fara amsa gaisuwata. Barira tana nan, da sauƙi wata rana. Na gode da amsarki. Ta yi ciwo, amma ita kaɗai ce na iya riƙewa.

Na mayar da usur, na ce na bar wasanni. Sai ofishin ilimi suka ce tunda babu kwas sai baɗi, in tara malaman wasanni na yankinmu in nuna musu abin da na koyo. Na ce na yarda da sharaɗi ɗaya. Ba mu da mutum-mutumin roba, don haka kowane malami ya zo da ɗansa na fari, a fili, a gaban jama'a. Yaron ya kwanta daga nesa, uban ya kira sunansa, ya ruga, ya durƙusa ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Ba dannawa, ba a danna mai rai, ɗorawa kawai.

An yi ta surutu. Wasu sun ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Fiye da rabi ba su zo ba, wasu suka zo da ƙananan 'ya'yansu suka ce na farin yana gona. Waɗanda suka zo da na farin, in kin ga yadda suke gumi kafin sunan ya fita, sai kin tausaya musu. Wani ya kira a hankali, na ce ban ji ba, ya sake. Malam Fannami ne ya fara rugawa da gaske, har hularsa ta faɗi bai waiwaya ba.

Da aka zo wurin nuna inda ake aza hannu, suka ce in gwada su gani. Na juya ina neman wanda zan gwada a kansa. Kowa yana tsaye da nasa. Fannami ya turo ɗansa ya ce, "Malam, ga nawa."

Yaron ya kwanta, na durƙusa na ɗora tafin hannuna a tsakiyar ƙirjinsa. Cakulkuli ya kama shi yana ta ƙyalƙyala dariya. Ƙirjin da ɗumi, yana hawa yana sauka da kansa, zuciyar tana bugun tafina. Na kasa ɗauke hannun, Yaya, har yaron ya daina dariya ya fara duban ubansa. Sai da Fannami ya zo ya kama kafaɗata ya tashe ni.

Ki gaishe da yara, da babbar musamman.

Ƙanenki, Shu'ibu.